Alamun Ruwa da Iska a Karkarar Kebbi: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk shekara in zafin bazara ya kankama, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a majalisa, a kasuwar Jega, a bakin ruwan Yauri, har cikin wayoyinmu: shamuwa ta iso? Kuka ta yi toho? A shuka ko a dakata? Na tashi a wani ƙauye na ƙasar Argungu a hannun kakana, mutumin da bai taɓa rataya kalanda a ɗakinsa ba, amma da wuya ruwa ya riske shi a gona ba shiri. Abin da na koya wurinsa da wurin tsofaffin garinmu, da abin da na karanta daga baya, shi na tattara a nan.

Wai da gaske waɗannan alamun suna aiki, ko camfi ne kawai?

Akwai masu aiki, akwai na camfi, kuma raba su ba shi da wuya in ka san abin da ke kawo mana ruwa. Iska biyu ce ke karɓa-karɓa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce, daga hamada take zuwa ta arewa maso gabas, ita ce ta hunturu. Ɗayar daga teku take tasowa ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Damina ba komai ba ce illa lokacin da iskar teku ta ture ta hamada zuwa arewa ta mamaye mu.

To, itace da ƙwaro da tsuntsu suna jin wannan danshi kafin ɗan Adam ya ji shi. Duk alamar da ta rataya a kan danshi, ko zafi, ko juyawar iska, tana da tushe. Sai dai tana da iyaka: takan faɗa maka abin da zai faru yau, ko gobe, ko cikin 'yan makonni. Alamar da aka ce tana bayyana yadda damina gaba ɗaya za ta kasance tun watanni kafin ta faɗi, ita ce nake yi wa kallon tsanaki, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi dari.

Me ya sa manoma ba sa bin watannin Musulunci wajen lissafin shuka?

Saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, azumin da ya zo a bazara bana, nan da wasu shekaru cikin dari zai zo. Ruwa kuwa rana yake bi. Shi ya sa tsofaffi ke da nasu lissafin na noma, wanda wata na bakwai a cikinsa ke faɗowa daidai ƙarshen bazara, har ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama.

Kuma a tuna jihar Kebbi doguwa ce. Mutumin Zuru ko Yauri yakan yi shuka tun cikin Mayu, wata shekarar ma ƙarshen Afrilu, alhali na Kangiwa ko Augie yana jiran Yuni. Alamar da ke nufin "ɗauko iri" a Ngaski, a ƙasar Arewa, wato yankin Kangiwa, "fara gyaran gona" take nufi.

Yaya ake gane iska ta juya?

Hayaƙin murhu shi ne malami na farko. Cikin dari da rani, in mata sun hura wutar tuwon dare, hayaƙi kudu maso yamma yake kwantawa. Ranar da ka ga ya fara karkata arewa maso gabas, ya kuma yi kwanaki a haka, iskar teku ta iso. Masu sheƙar hatsi su ma sukan riga kowa sani, don dole su sauya inda suke ba baya.

Sauran a jiki ake ji. Zafin Maris busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, shi ne mai narka mutum, ka kwana a tsakar gida tabarma ta jiƙe sharkaf. Gishiri ya fara laima a cikin kwano, ruwan randa ya daina sanyi kamar da, kaushin ƙafa ya fara laushi da kansa, ƙofar katako ta fara cijewa. Innata takan taɓa gishirin miya ta ce, “Yau kam gari ya sha ruwa a wani wuri.”

Shamuwa ta sauka a garinmu. Ruwa ya zo ke nan?

Ya kusa, amma bai zo ba. Shamuwa tsuntsuwa ce mai ƙaura: rani a gabashi da kudancin Afirka take yinsa, sa'an nan ta biyo damina ta zo ƙasashenmu ta yi sheƙa ta yi ƙwai. Fara da tsutsa take ci, kuma tana so 'ya'yanta su ƙyanƙyashe daidai lokacin da abincin ya yawaita. Don haka takan riga ruwa isowa da 'yan makonni. Ganinta a kan tsamiyar kasuwa ko kukar bayan gari umarni ne na a kammala sassabe, a kai taki, a gyara rufin ɗaki da indararo. Ba umarnin shuka ba ne. Wannan sai ka duba amsar ruwan farko.

Kakana ba ya ƙirga ranar da ya ga shamuwa ɗaya tana shawagi. Ranar da ya ga tana ɗaukar kirare a baki zuwa sheƙa, ita yake riƙewa. Kuma har ya bar duniya bai yarda yaro ya harbe ta da danƙo ba. A garuruwa da yawa yau an sare manyan itatuwan da take sauka, sai mutane su ce shamuwa ta makara, alhali masauki ta rasa ta wuce gaba. Wannan abu yana ci mini rai, don da gatarinmu muka kore ta.

Cilakowa ma tana cikin lissafi. Gab da damina ana ganinta tana yin arewa, in kaka ta yi kuma ta juyo kudu a jere, ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanne itatuwa ne ake dubawa?

Kuka ce kan gaba. Ta yi rani tsirara, sai ga ƙananan ganye kore shar a kan rassanta tun ɗigo bai sauka ba. Tsamiya takan yi sabon toho ta yi fure. Nunu, 'ya'yan ɗanya, yakan nuna ya zubo, faru ya biyo baya, a kudancin jiha kuma kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya. Waɗannan duk suna cewa lokaci ya gabato.

Gawo shi ne mai saɓa wa jama'a. Lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, ya yi damina fayau kamar matacce, sai ruwa ya kusa ɗaukewa ya sake tohowa. Shi ya sa yake ba da labari sau biyu, farkon damina da ƙarshenta. Shi ya sa kuma manomi mai hankali ba ya sare shi: ganyensa taki ne, ba ya yi wa gero inuwa da damina, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Abu ɗaya za a kiyaye, itacen da ke bakin fadama ko gindin rijiya yana shan ruwan ƙasa, don haka yakan yi gaba da 'yan'uwansa. Na kan tudu ake tambaya.

Tururuwa, shinge da kwaɗi fa?

Waɗannan na kusa ne. In ka ga tururuwa sun yi layi suna kwashe fararen ƙwayayensu daga rami zuwa tudu ko jikin bango, shigar da shanya. Tsattsewa in ta sauko tana shawagi ƙasa-ƙasa, ƙwarin da take ci ne suka sauko saboda nauyin danshi. Kwaɗi kuwa sukan fara kuka tun kafin hadari ya haɗu.

Shinge ba ya hasashe, shaida yake bayarwa. Ba ya fitowa daga suri sai ruwa ya ratsa ƙasa sosai, saboda haka daren da ya rufe fitilu yara suka fito da kwanoni, ka san ruwan ya shiga ƙasa da gaske. Haka jan ƙwaron nan mai laushi kamar karan-miski da ke fitowa kan yashi bayan ruwan farko.

Hadari ya haɗo. Ta yaya zan san mai zubarwa ne ko mai watsewa?

Fara da inda ya taso. Duk da cewa danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, manyan hadarurrukanmu daga gabas suke tasowa su yi yamma, saboda iskar da ke can sama ita ke tura su. Mutumin Birnin Kebbi da ya hango baƙi ta wajen Gwandu, nasa ne. Wanda ya hango shi ta wajen Kamba, yawanci ya riga ya wuce, na mutanen Nijar da Benin ne. Da yawa daga ruwan da ke sauka a Kebbi da dare, da la'asar ya haɗu a sararin Zamfara ko gaba da nan, ya taho yana gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a awa. Shi ya sa kiran ɗan'uwa a Gummi ko Anka a tambaye shi ko an yi ruwa ya zama sabuwar alama, kuma mai kyau ce.

Sai yanayin gari. Rana ta yi zafi mai cizo, iska ta ɗauke cak, ganye ba ya motsi, kaji sun yi lamo. Can gabas gajimare ya yi tsiri kamar tulin auduga, kansa ya baje, gindinsa ya yi baƙi ƙirin kuma a daidaice kamar an ja layi. Daga nan sai wata iska mai sanyi ta bugo daga gabas da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ka ji wannan sanyin, saura 'yan mintoci. Hadarin da ya zo da jan ƙura da guguwa, babu sanyi babu ƙanshi, musamman a farkon bazara, yawanci iska ce kawai, ta kware rufi ta wuce. Kan irinsa ne aka ce ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi.

Nisansa kuma ana iya aunawa. Daga ganin walƙiya ka fara ƙirga sakan har ka ji tsawa. Kowane sakan 3 kimanin kilomita ɗaya ne. Walƙiyar da ba a jin cidarta ta yi nisa ƙwarai. In tazarar tana raguwa, bar gindin itace, fito daga ruwa, mai jirgi ya nemi gaɓa. Masuntan Yauri ba sa jayayya da iskar gabas, kuma bai kamata fasinja ya matsa wa mai jirgi ya tsallaka a lokacin ba.

An yi ruwan farko. In shuka ko in jira?

Wannan ita ce tambayar da ke raba mai hatsi da mai sayen hatsi. Ba kowane ruwa ne ruwan shuka ba. Ina tuna wata safiya bayan ruwan dare, gari ya ɗauki murna, maƙwabta sun fita da sungumi tun asuba. Kakana ya kai ni tsakiyar gona, ya durƙusa ya tona da hannu. Bai kai tsawon yatsa ba sai ga busasshen yashi fari tas. Ya ɗebo ya zuba mini a tafi, ya ce, “Jikana, wannan na wanke ganye ne, ba na iri ba.” Muka koma gida. Aka yi kwana goma sha ba ɗigo, shukar mutane ta tsiro ta ƙone, aka shiga neman iri. Ƙa'idarsa ita ce danshi ya kai taƙi ɗaya ko fiye, kuma in ka dunƙule ƙasar a hannu ta riƙe ba ta wargaje ba.

Masana noma na yankin Sahel suna da ma'auni mai kama da wannan: ruwa kimanin milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a samu tsayawar da ta wuce mako guda a cikin watan da ke biye. Sharaɗi na biyun ne hannu ba ya iya tonowa. A nan ake haɗa alamu: iska ta zauna a kudu maso yamma ko tana komawa? Dare yana da gumi ko ya koma bushewa? Kuka ta cika ganye? In iska ta koma ta gabas bayan ruwan farko, a ji tsoron fari.

Masu binne, wato zuba gero a busasshiyar ƙasa a jira ruwa, suna cin riba in ruwan farko ya zo da ƙarfi, suna asara in yayyafi ya tayar da irin ya bar shi. Shawarata kada a juye iri duka a rami ɗaya. Gero mai haƙuri ne, a fara da shi a jigawa; dawa, masara da gyaɗa su jira ruwa ya zauna.

Mene ne lissafin taurari da malamai ke yi?

Manomi ya san kaza da 'ya'yanta, tarin ƙananan taurarin nan da Larabawa ke kira Surayya. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu takan ɓace daga yamma bayan magariba, ta yi makonni ba a ganinta, sa'an nan ta ɓullo ta gabas da asuba cikin Yuni. Faɗuwarta da fitowarta sun yi daidai da shigowar damina a ƙasarmu.

Malaman hisabi sun faɗaɗa abin. Sun raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Bakwai-bakwai ne ga bazara, damina, kaka da dari. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Wannan kalanda ce ta rana mai kyau, tana gaya maka inda kake a cikin shekara, ko shuka ta makara, ko saura kwana nawa a sa ran marka. Ba ta gaya maka ko za a yi ruwa ranar Talata.

Shin duba waɗannan alamu bai saɓa wa addini ba?

Abin da aka hana a fili yake. A hadisin Zaidu ɗan Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito, bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya bayyana cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya kafirce wa Allah. Tauraro ba ya saukar da ruwa, shamuwa ma haka. Amma Alƙur'ani da kansa, a Suratul A'araf aya ta 57, ya ambaci iskoki a matsayin bushara gabanin rahama. Lura da bushara daban, bauta mata daban. Tsofaffinmu ba sa rufe maganar alama sai da “in Allah ya so”, kuma in fari ya yi tsanani filin idi suke fita roƙon ruwa.

Wata ya yi sansani, ko bakan gizo ya fito. Me suke nufi?

Sansanin wata, zoben nan da ke kewaye shi, siririn gajimare ne na can sama mai ƙanƙara ke haifar da shi. Da damina yakan nuna akwai danshi a sama, wani lokaci kuma gefen wani babban hadari ne. Cikin dari, ƙura ma takan yi wa wata lulluɓi, wannan ba ruwansa da ruwa.

Bakan gizo kuwa an ce shanye hadari yake yi. Ba ya shan komai. Kullum yana fitowa ne a kishiyar rana, inda ruwa ke zuba. Na safe a yamma yake, wato ruwan ya riga ya wuce ka, daga nan zancen shanyewa ya samo ƙarfi. Na la'asar a gabas yake, kuma ka ga abin da muka faɗa kan gabas a amsar hadari: kada ka bar shanyarka a waje saboda shi.

Mu masu shinkafa a fadama, akwai alamar ambaliya?

Akwai, amma a nan ne alamun gargajiya suka fi rauni. Masunta suna lura da launin ruwa in ya koma ja, da kumfa da yayi da karmami da ke gangarowa, da tarwaɗa in ta fara hawa cikin ciyawa. Sukan kafa kara a gaɓa da yamma su duba da safe. Duk wannan yana ba da kwana ɗaya ko biyu.

Matsalar ita ce ruwan da ke cinye fadamar Argungu, Birnin Kebbi, Bunza da Suru ba a kanmu yake sauka ba. Daga Zamfara, Katsina da Sakkwato yake gangarowa, kuma akwai madatsun Bakolori da Goronyo a kan hanyarsa. Sama na iya zama tas a garinku gulbi ya cika ya batse. Wanda ya ga 2010, 2012 da 2020 ya san haka. Tururuwa ba ta san ranar da za a buɗe dam ba, don haka a saurari rediyo da sanarwar hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya. Mutanen bakin Neja, daga Bagudo zuwa Yauri, su kuma sun san cika biyu: ta damina mai ruwa gurɓatacce, da wadda ke isowa cikin dari daga ruwan da ya sauka tun ƙasar Gini, ba tare da ko gajimare ɗaya a sama ba.

Yaya ake gane damina ta kusa ɗaukewa?

Bayan markar Agusta, ruwa yakan fara tazara. Raɓa ta yi yawa da safe har wando ya jiƙe zuwa gwiwa, gawo ya fara toho, shamuwa ta tattara 'ya'yanta ta tafi. Hadari ya koma irin na farkon damina, iska da tsawa da yawa, ruwa kaɗan, kuma shi ne mai kwantar da dawa. Sai zafin agazari, sai wata safiya ka ji leɓɓanka sun bushe, hayaƙi ya koma inda ya fito. Mai wake da mai maiwa su suka fi kowa sa ido a wannan lokaci.

An ce in dari ya yi tsanani damina za ta yi kyau. Haka ne?

Ana faɗa ƙwarai, ni dai ba na gina shuka a kansa, don na ga shekarun da ya gaskata da waɗanda bai gaskata ba. Abin da ke tabbas shi ne ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, tana sauke wa gona ɗan sinadari, sanyin kuma yana yi wa alkama da albasar Aliero daɗi.

Tsofaffi na cewa kaza, NiMet na cewa kaza. Wa zan bi?

Ba kishiyoyi ba ne, aikinsu ne ya bambanta. NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran faɗuwarta a kowace ƙaramar hukuma, tsawonta, da inda ake tsoron tsayawar ruwa. Tana ganin zafin teku da tafiyar gajimare daga tauraron ɗan'adam, abin da ba a gani daga gindin tsamiya. Da shi za ka zaɓi iri, mai saurin nuna ko mai daɗewa. Amma ba ta san gonarka ba, kuma kowa ya sha ganin ruwa ya jiƙa gona ya bar ta kusa da ita. Ranar ɗaukar sungumi, hannunka da ƙasarka ne za su faɗa.

Gaskiya ne kuma alamun sun fara rikicewa. Tun farin 1973 da na 1984 tsofaffi ke cewa damina ta sauya hali, yanzu kuma ga ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, ga tsayawa a tsakiya. Daji ya ragu, rashin tsaro ya raba mutane da yawa da ƙauyukan da suka san itatuwansu ɗaya-ɗaya, musamman a Zamfara da ƙasar Zuru. Abin da nake yi, kuma nake roƙon matasa su yi, shi ne a sami ɗan littafi. A rubuta ranar da shamuwa ta fara sheƙa, ranar da kukar gari ta yi toho, ranar da hayaƙi ya juya, ranar ruwan farko da zurfin danshinsa, da ranar da aka yi shukar da ta tsaya. A je wurin Baba ko Kaka a tambaye su wace kuka suke dubawa, a rubuta har inda take. Tawa tana gabas da makabarta, gefen hanyar rafi.